Hajiya, Baba, Aboki, Kai: yaushe kiran baƙo yake girmamawa, yaushe yake zama raini?

Ka shiga Kantin Kwari ta ƙofa ɗaya ka fita ta wata, ko yadi ɗaya ba ka saya ba sai an raɗa maka sunaye kala-kala. Wannan ya ce Alhaji, na gabansa ya ce Yallaɓai, yaron shago ya ce Oga, mai tura baro ya daka maka tsawa "Malam hanya!", wani kuma da ba ka taɓa gani ba tunda uwarka ta haife ka ya ce "mutumina zo mana ka duba, kallo kyauta ne". In mace ce abin ya ninka haka, Hajiya, Hajjaju, Anti, Mama, amarya, 'yammata, har da masu cewa bebi. Duk cikinsu babu wanda ya san sunanka kuma babu wanda ya nemi izininka.

A nan ake rabuwa. Wasu abin yana musu daɗi, su ce ai zaman tare ke nan, garin da baƙo zai ce maka ɗan'uwa ya fi garin da za a wuce ka kamar ba a gan ka ba. Wasu kuma ransu ɓaci yake, su ce wa ya ba ka damar ce min Mama, ni na haife ka? Ni dai a ganina kowanne ɓangare yana da gaskiyarsa, matsalar ita ce ba a kan abu ɗaya suke magana ba, shi ya sa musun ba ya ƙarewa.

Mu fara daga tushe. Wanda bai san sunanka ba kuma yana son yi maka magana dole ya kira ka da wani abu, ba makawa. To kafin ya buɗe baki, cikin ƙiftawar ido ya riga ya auna ka: shekarunka, shaddar jikinka, takalminka, daga mota ka fito ko daga adaidaita ka sauka, akwai gemu ko babu, hijabi ne har ƙasa ko gyale ko kai a buɗe, ɗan gari ne ko baƙo. Kalmar da ta fito daga bakinsa sakamakon wannan awon ce. Kamar tela ne da ya hango ka daga nesa ya ɗinko maka riga bai ɗora tef a jikinka ba, wani lokaci ta zauna ɗas, wani lokaci ta yi maka burum-burum kowa ya san ba taka ba ce, wani lokacin kuma ta matse ka har ka rasa inda za ka sa kanka. Abin da ke sosa rai shi ne jin matsayin da aka ajiye ka a kai, a gaban jama'a, ba tare da an tambaye ka ba.

Wasu masana biyu a Amurka, Roger Brown da Albert Gilman, sun yi rubutu a kan wannan tun 1960, inda suka duba harsunan Turai suka ce abu biyu ne ke yanke yadda mutum zai kira wani, iko da kuma kusanci. Wato wa ke sama da wa, sannan yaya tazarar da ke tsakaninku take. A harsuna da yawa wannan lissafin a cikin wakilin suna, wato kalmomi irin su kai da ke da ku, yake zaune. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi lakwal, wato makarantar boko ta Nijar, sun san wannan sarai, a Faransanci "kai" ɗin da za ka ce wa abokinka daban, wanda za ka ce wa shugaban ma'aikata ko jandarma daban, in ka haɗa su ka jawo wa kanka magana. Yarbanci ma haka, yaro ba ya ce wa babba "kai" irin na sa'anni, na jam'i yake amfani da shi. Mu kuwa ko Sarki ne a gabanka "ka" za ka ce masa, Allah ya taimake ka, ranka ya daɗe, Allah ya ja zamaninka. E, akwai gidajen da ake ce wa babba "kun tashi lafiya", amma ba doka ba ce da ta hau kan kowa. Saboda haka duk nauyin girmamawa a Hausa ya koma kan laƙabin da ka sa a gaba. In ka cire laƙabin me ya rage? "Kai!" ko "Ke!" tsirara. Shi ya sa babu kiran da ya kai wannan zafi a kunnen Bahaushe in daga bakin baƙo ya fito, sai dai ko wanda zai yi maka tsaki ko tafi ko ya yafito ka da hannu kamar yana kiran kaza. Za ka ji an juyo an ce "ni sa'anka ne?", shi ke nan faɗa ya tashi tun ba a faɗi abin da ya kawo kiran ba.

Wannan ya sa tambayar a wurin Turawa da a wurinmu ba ɗaya ba ce. Su abin da suke muhawara a kai shi ne zaƙewa, baƙo ya matso kusa da yawa. A Ingila, musamman arewacinta, mai shago ko direban bas zai iya kiran ka da kalmar da ke nufin masoyi, ko da kai namiji ne shi ma namiji, ba komai a ransa. A wajejen Nottingham da Stoke har "agwagwata" suke ce wa mutum, kuma nuna ƙauna ne. Ɗan garin ko a jikinsa, amma wanda ya zo daga Landan ko wata ƙasar sai ya ji abin banbaraƙwai, wata ma ta ɗauka raini ne. A 2012 kamfanin bas na garin Brighton sai da ya ja kunnen direbobinsa su daina ce wa fasinja bebi da makamantansu bayan an kai ƙorafi. Wato a can, ladabi shi ne ka tsaya nesa kaɗan, ka ce Mista wane ko Madam.

Mu kuma ladabinmu shi ne ka jawo mutum cikin dangi. Dattijon da ka gani a tasha Baba ne ko Kawu ko Baffa, tsohuwar da ke sayar da daddawa Inna ce ko Iya ko Gwaggo, wanda ya ɗan girme ka Yaya ne, wadda ka girma ƙanwata ce. Babu wanda zai ce ka yi shisshigi don ka ce wa tsoho Baba, rashin faɗin ne ma za a ce ba ka da tarbiyya. Abin da muke gudu shi ne sunan yanka. Uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, matar da ta tashi a gidan alkunya ba ta kiran sunan mijinta, suruki kuwa ba a ma zancensa, kuma duk Abba da Ummi da Walid da Khalifa da suka cika unguwanninmu ai saboda an sa musu sunan kakanni ne bakin iyayen ba zai iya furtawa ba. Yanzu ka ɗauki mutumin da ya tashi a haka, ya haura sittin, 'ya'yan cikinsa ba su taɓa kiran sunansa ba, sai ga yarinya sa'ar jikarsa ta bugo daga banki ko kamfanin waya tana cewa "da Musa nake magana?" Ita an koya mata a wurin horo cewa kiran kwastoma da sunansa na farko yana sa ya saki jiki, tsarin da aka kwaso daga waje aka dire mana. Shi kuwa abin da ya ji shi ne yarinyar nan ba ta da kunya. Kalma ɗaya tak, Malam ko Alhaji, da ta kashe maganar.

Sai laƙabin kasuwa. Da can Alhaji da Hajiya ba a samun su da arha, mutane ta ƙasa suke tafiya, su ratsa Chadi su shiga Sudan suna tsayawa suna noma ko ƙwadago suna tara guzuri, wani sai ya yi shekaru kafin ya dawo, wani ma ba ya dawowa, zuriyarsu na nan a Sudan har yau. Yanzu kuwa leshi mai kyau da jaka sun isa a ce miki Hajiya ko filin jirgi ba ki taɓa zuwa ba. Wannan bai cika ɓata wa kowa rai ba saboda kowa ya san wasan, mai kaya ya san romon baka yake yi, ke ma kin sani. Illarsa dai a aljihu take, don wanda ya ce miki Hajjaju makkatu ya riga ya ɗora wani abu a kan kuɗin atamfar, kuma ya ɗaure ki da jijiyar wuya, ina Hajiya guda za ta tsaya tana ja-in-ja a kan ɗari biyar. Na san masu cewa "ni ba Alhaji ba ne, faɗi gaskiyar kuɗin" tun kafin a fara ciniki, kuma wallahi dabara ce mai kyau. Yallaɓai da Oga da Ofisa da ake jera wa mai kaki a shingen hanya su ma 'yan gidan nan ne, sai dai su tsoro ne ya haife su ba ciniki ba.

Inda abin ya fi cakuɗewa wurin mata ne, kuma maza da yawa ba sa ganewa don su ba a yi musu irinsa. Namiji Malam ne daga ya fara gemu har ya tsufa, ko yana da aure ko ba shi da shi babu ruwan kowa. Mace kuwa kusan duk kiran da za a yi mata sai ya taɓa ɗaya cikin uku: shekarunta, aurenta, ko surarta. A ce mata Mama, an ce ta tsufa ke nan, kuma ka tuna wata shekararta talatin da 'yan kai ba ta yi aure ba kullum ana mata gori a gida, wata tana da auren shekara goma tana neman haihuwa ido rufe, sai ga ƙato mai gemu wanda ya girme ta yana ce mata Mama a cikin adaidaita. Shi a ransa girmamawa ya yi. Ita kuma ya fama mata ciwon da bai san da shi ba. A ce mata 'yammata alhali matar aure ce da 'ya'ya huɗu, wata ta ji daɗi ta yi dariya, wata ta ce an raina aurenta. Amarya ya fi sauƙi don kowa na son a ce masa sabo ne. Anti kuwa ya zama mafaka, ba ya tsufar da mutum sosai kuma ba ya ƙasƙantar da shi, shi ya sa yaran shago suka riƙe shi gam.

Amma bebi, kyakkyawa, 'yar fara, ta wajena, daga bakin namijin da ba ta sani ba a kan titi, wannan wani aji ne daban kuma bai kamata a cusa shi cikin muhawarar sakin fuska ba. Mai faɗin ya san ba zai so a faɗa wa ƙanwarsa ba. Kuma in ta yi banza da shi me ke biyo baya? "Ji ta, sai girman kan tsiya, mummuna da ke." Daga kyakkyawa zuwa mummuna cikin daƙiƙa biyar. Wanda ya yi kira don mutunci ba ya zagi in ba a amsa ba.

Ba mu kaɗai ke da wannan ba. Faransa a 2012 gwamnati ta ba da umarnin cire kalmar da ke nuna mace budurwa ce daga takardun hukuma, kowace mace ta zama Madam, Jamus kuwa ta yi irin haka tun 1972. Hujjarsu ita ce me ya sa mace sai ta bayyana ko tana da miji kafin a san yadda za a kira ta, namiji kuma ba a tambayarsa. Mu muna da Malama, wadda ba ta tambayar shekaru ko aure, amma ban san me ya sa ba a cika amfani da ita a kasuwa ba, wataƙila don ba ta sa a buɗe jaka.

Yanzu mu zo kan wanda ya fi ci wa 'yan Arewa tuwo a ƙwarya, Aboki. Hausawa sun daɗe a Kudu, fataucin goro da shanu ya kai su tun kafin a san za a yi wata ƙasa Najeriya, unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta, ga Agege ga Idi-Araba ga Obalende a Legas. Mutanen can sun ji muna ce wa juna aboki suka ɗauka, kuma da farko babu wani abu a ciki. Amma da tafiya ta yi tafiya sai kiran ya manne wa wasu sana'o'i, mai gadi, mai wankin takalmi, mai yankan farce, mai ruwa a kura, ɗan acaɓa, mai tsire, ɗan canji. Daga nan ya tashi daga sana'a ya koma hali, har ta kai ɗan Kudu zai ce wa ɗan'uwansa ɗan Kudu "kai aboki ne?" in ya tafka wauta. To in kalma ta kai nan, ba za ka ce wa wanda aka kira da ita ya yi haƙuri ai ma'anarta mai kyau ce ba. Malam ma haka ta same shi a can, Malam ɗin da mu muke ba wanda ya haddace Alƙur'ani, a Legas mai kiyos ne a bakin get.

Da yawan masu faɗin ba da mugun nufi suke yi ba, wannan gaskiya ne, wata matar ta ce "Aboki kawo albasa" kuma ta fi kowa kyautata masa, har abinci take ba shi. Su ma 'yan ci-ranin ba duka abin ya dama ba, wani zai ce maka ya kira ni duk abin da ya ga dama in dai zai biya ni kuɗina. Amma ga inda gizo ke saƙar: shekara biyar yana gadin gidan, ya san sunan maigidan da matarsa da 'ya'yansu har da karen gidan, su kuwa har yau Aboki ne, in ya tafi aka kawo wani shi ma Aboki ne. Kuma shi ba zai iya juyowa ya ce wa maigidan aboki ba, Oga zai ce, ko Dadi. Kira ne mai tafiya ta hanya ɗaya, daga sama zuwa ƙasa.

Wanda ya je Saudiyya ya ga irinsa, yadda ake ce wa leburori 'yan Indiya da Pakistan da Bangaladash sadik ko rafik, kalmomin abota ne su ma amma kowa ya san wa ake kira da su, mu kuma a ce mana takari. A Amurka ma an yi zamanin da farar fata zai ce wa baƙin mutum mai furfura "yaro", matansu kuma a kira su da sunan yanka ko a gaban alƙali, alhali farar mace sai an sa mata laƙabi. A 1963 a jihar Alabama wata baƙar fata mai fafutukar 'yanci, Mary Hamilton, lauyan gwamnati ya dinga ce mata Mary a kotu, ta ce ba za ta amsa ba sai ya kira ta yadda ake kiran fararen mata. Alƙali ya ce ta raina kotu, ya yanke mata kwana 5 a gidan yari da tarar dala 50. Magana ta kai Kotun Ƙoli, a 1964 aka soke hukuncin. A kan laƙabi kawai fa, amma ita ta san ba laƙabin kaɗai ake hana ta ba.

Kafin mu cika baki dai, mu ma muna yi. Inyamiri da muke ce wa Ibo mai sayar da kayan gyaran mota, ka taɓa tambayarsa ko yana so? Buzu ga duk mai rawani da ke gadi, ɗan Fulani da muryar da ake faɗinsa yanzu, arne, ƙabila, baƙauye. Sai kuma "kai almajiri" da "kai yaro" ga wanda yake mana wanki da cefane shekara da shekaru, da kiran mutum da lalurarsa, kai gurgu, kai makaho, ko a asibiti a ce ke mai cikin nan. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana jifan juna da miyagun laƙubba ƙarara, kuma ana karanta mana ita tun muna Islamiyya, amma da yawanmu mun ɗauka zagi kawai take nufi, ba mu sa waɗannan a ciki. Kiran mutum da sana'arsa, mai shayi, mai lemo, mai nama, mai POS, wannan ba laifi a kasuwa don shi ma da haka yake tallan kansa. Amma in kullum a wurinsa kake karyawa ya kamata a ce zuwa yanzu ka san ko Sani ne ko Habu.

Abin da zai nuna maka cewa ba a kalmar matsalar take ba shi ne barkwanci. Bafulatani ya haɗu da Babarbare a mota, ba su taɓa ganin juna ba, daga jin harshe ko ganin zane sai ɗaya ya ce "kai bawana, matsa ubangidanka ya zauna". Bawa fa! Ɗayan ya ce "ji ɓarawon nan, yaushe ka samu 'yanci?", mota ta kwashe da dariya, kafin a isa an raba goro an karɓi lambar waya. Haka Kanawa da Zagezagi, Katsinawa da Haɗejawa, Gobirawa da Yarbawa, Fulani da Tibi. A Nijar abin ya yi ƙarfin da har UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ke taƙama da su a 2014. Me ya sa bawana ke sa dariya amma aboki ke sa ɓacin rai? Saboda bawana ana ramawa. Duk su biyun suna da lasisi iri ɗaya, an gada tun kaka da kakanni, kuma in wanda ba ya cikin wasan ya tsoma baki ya ce wa Babarbaren bawa, a nan take fuska za ta canza.

Wannan shi ne ma'aunin da ni nake amfani da shi. In baƙo ya kira ka da wani abu, duba ko za ka iya mayar masa da irinsa ko da kishiyarsa ba tare da an ga baƙonka ba. Mutumina da mutumina, ɗan'uwa da ɗan'uwa, sun yi daidai. Ya ce Baba ka ce ɗana, ya ce Yaya ka ce ƙanena, kowa ya samu gurbinsa kuma kowanne gurbi da mutuncinsa da haƙƙinsa, don wanda ka ce wa Baba ka ɗora wa kanka tashi ka ba shi kujera. Sannan duba ko za ka iya cewa ba ka so. Wanda ya ce miki Mama kika ce "a'a, Anti dai" ya yi dariya ya ce yi haƙuri Anti, wannan da ma da zuciya ɗaya ya zo. Wanda ya ce "to sannu, ke wace ce da ba za a ce miki haka ba", ya nuna miki da ma ba don ke ya yi kiran ba.

Akwai kuma ɗaya gefen da ba zan tsallake ba, masu jin an raina su alhali ba a raina su ba, cika musu laƙabi ne kawai ba a yi ba. Ka ce masa Malam ya haɗe rai wai shi Dakta ne, ko Injiniya, ko Barista, ko Honorabul don ya taɓa yin kansila shekara goma sha da suka wuce. Katin ɗaurin aure sai laƙabi ya ci layi biyu kafin a kai ga suna. Yanzu ga Kwamared ga Ciyaman ga Jagora ga Shugaba ga Ambasada na ƙungiyar da mutum bakwai ne a cikinta. Baƙon da ya haɗu da kai a layin banki ta ina zai san duk wannan? Suwidin sun taɓa shiga irin wannan ƙangin, sai ka san muƙamin mutum kafin ka iya yi masa magana, har a 1967 wani babban jami'in lafiya, Bror Rexed, ya kama aiki ya ce shi "kai" zai ce wa kowa a ma'aikatar kuma kowa ya ce masa haka, cikin 'yan shekaru ƙasar gaba ɗaya ta bi. Ba na ce mu kwaikwaye su ba, mu Baba da Inna ba abin yarwa ba ne. Amma mu tuna Malam Aminu Kano, minista ya yi, takarar shugaban ƙasa ya yi, har ya koma ga Allah a 1983 Malam ake ce masa, kuma a Kano in aka ce Malam kawai ba a ƙara komai ba an san wa ake nufi.

Malam ɗin ma dai ba kullum yake da sanyi ba, murya ce ke juya shi. "Malam sannu da aiki" daban, "Malam dakata!" daban, in kuwa abokinka na ƙut da ƙut da kuka saba zagin wasa ya wayi gari yana ce maka Malam, to bincika, ka yi masa laifi. Haka bawan Allah da baiwar Allah, suna iya zama tausayi suna iya zama "ban san ka ba kuma ka fita harkata".

Abin da ya ƙara dagula lissafin yanzu shi ne waya. A kasuwa kana ganin fuska, kana jin murya, ka ga furfura ka ga murmushi, su ne ke fassara maka kalmar. A WhatsApp da Facebook babu ko ɗaya, rubutu ne tsagwaronsa, kuma ba ka san ko sa'an babanka ne a bayan hoton fulawar nan ko yaro ɗan aji uku ba. Sai ka ga matashi yana ce wa farfesa "kai malam ba ka gane ba", ko dattijo ya ce wa 'yar cikinsa ranki ya daɗe don ta sa hoton mota. Mata kuwa inbos ɗinsu ya cika da "slm 'yar uwa", "hy dia", "ukti ykk", daga mutanen da ko gaisuwar kirki ba su iya ba, har ta kai 'yar'uwa da ukti, kalmomin da a fili ba su da aibu, sun fara wari saboda an san abin da ke biyo bayansu, in ba "turo hotonki" ba to "ina da wata harka". Masu sayar da kaya onlayin su kuma kowa "dia" ce kowa "Hajiyata" ce, har ranar da kika ce kayan da aka aiko ba su ne na hoto ba, a nan za ki koma "Madam". Su kuma maza wurin musu, in ka ga wanda bai san ka ba ya fara da "Allah gafarta Malam" ko "ya Shehi" a ƙarƙashin abin da ka rubuta kan siyasa ko ƙwallo, gyara zama, yayyaga ka zai yi.